Wai ina bikin dabinon Damagaram?

Jama'a ni fa akwai abin da ke ci mini rai duk shekara in watan Yuni ya kama. Ɗanyen dabino ya shigo gari, ka bi ta kasuwar Dole ka ga an jibge shi, ga rawaya ga ja, wani ma yana nan a nononsa ba a tsinke ba, yara na yawo da shi a tire tun daga Birni har Zango, kowa na gurgura yana tofar da ƙwallo, amma 'yan makonni kaɗan sai ka neme shi ka rasa, ya wuce shiru kamar ba a yi ba. Ba ganga, ba taro, ba wanda ya ce ma manomin nan sannu da ƙoƙari.

Alhali abin da Allah ya ba mu ba ƙarami ba ne. Wanda ya taɓa bin hanyar Gure ya tsaya Gidimuni ya san me nake faɗi, ga tafki, ga rake, ga itatuwan dabino sun yi layi a cikin kwari, kuma haka abin yake har kwarurrukan Gure zuwa ƙasar Manga. Dabinonmu sau 2 yake fure a shekara fa, abin da na sahara ba ya yi. Ana samun kaɗan wajen watan Maris, babbar kakar kuma sai ƙarshen bazara. To nan matsalar take, don daidai lokacin da yake nuna hadari ke haɗowa, ruwa na dukansa sai ya tsage ya ruɓe, shi ya sa mai garka ba ya iya jira ya bushe a bisa, dole ya sare shi ɗanye ya sayar ko nawa aka taya. Dillali ya san da haka sarai. Ya zo da kamiyo ya yi lodi ya nufi Najeriya, shi kuma wanda ya hau itacen da ƙaya ta soke shi a hannu da ƙafa ya tashi da 'yan jikkunan da ba su kai sun kawo ba. In azumi ya zo kuma mu koma muna sayen busasshe na Aljeriya da tsada, wallahi abin na ba ni haushi.

A Saudiyya akwai garin Buraida, duk shekara wajen watan Ogusta suna cin babbar kasuwar bikin dabino, a Maroko ma garin Arfud na yin nasu a watan Oktoba. Ban ce mu kai su ba, kuɗinmu ba ɗaya ba. Amma mu Damagarawa wa zai koya mana biki? Mu ke da wasan kara, mu ke da hawan ƙaho, a 2018 an yi Zinder Sabuwa, bikin ranar jamhuriya ta 18 ga Disamba, gari ya cika ya batse. Kwana 2 kacal a Gidimuni a farkon kaka ai ba zai gagare mu ba.

Ni yadda nake hango shi, kowane ƙauye ya zo da nasa a baje a tabarma, dattawan da suka san dabino su ɗanɗana su ce wannan ya fi zaƙi, wannan ya fi tsoka, wancan ba ya maƙaƙi a wuya. Wannan ba wasa ba ne kawai, don yawancin itatuwanmu daga ƙwallo suka tsiro, kuma ƙwallo ba ya da tabbas, ka yi shekaru kana ban ruwa ƙarshe ya fito namiji, ko macen ta yi 'ya'ya marasa daɗi. Amma in an gane uwa mai kyau sai a cire 'ya'yan da ke tsirowa a gindinta a dasa, su kam irinta sak za su yi. Taro irin wannan shi zai sa mutumin Waca ya san akwai iri mai kyau a wurin mutumin Gure. A nuna ma matasa yadda ake ɗaukar furen namiji a sa cikin na mace, mata masu sana'a su ga yadda ake shanya shi da yadda ake dafa shi ya zama maɗi, malaman jami'ar André Salifou su fito daga aji su zauna da masu garka, a yi maganar rairayin da ke binne kwarurrukan Gure ma, don wannan ita ce babbar barazana.

Kuma don Allah kar a mai da shi bikin jawabi, manya a inuwar rumfa manomi a rana. Mai garka shi za a zaunar a gaba, a kira masu saye daga Maraɗi da Yamai da Kano su yi ciniki da shi baki da baki. Hukumomin gari da fadar mai martaba Sarkin Damagaram in suka sa baki, Yuni mai zuwa ma ana iya farawa.