Faifan talla na dillalan mota: yadda ake gane shi, da yadda zafin Yamai ke kashe shi

Wanda ke tonon kwalayen tsofaffin kaya a kasuwar Katako ta Yamai ya san yawancin faya-fayan garmaho da ke fitowa na mawaƙa ne. Amma jefi-jefi sai hannu ya faɗa kan wani da hoton mota a bangonsa, babu farashi, a baya kuma ga hatimin wani garaji da tawada shuɗiya ta fara dusashewa. Kada a mayar da wannan cikin kwali. Faifan talla ne da kamfanin mota ko dillalinsa ya raba kyauta, kuma masu tara kayan tarihin mota suna nemansa kamar yadda suke neman tsohon littafin gyara ko tambarin gaban mota.

Zamanin abin shi ne daga shekarun 1950 zuwa na 1970, a Amurka da Faransa musamman. Wanda aka fi cin karo da shi shi ne ƙarami mai faɗin santimita 17, mai juyi 45 a minti, wanda ake miƙa wa mai saye. Akwai kuma na leda, siriri kamar takarda, da ake cusawa cikin mujalla ko ambulan. Kamfanin Eva-Tone na Amurka ya fara fitar da irin nasa a 1962. Sai wanda ya fi daraja a ganina: faifan cikin gida, na horar da masu sayarwa da makanikai. Kamfanin Jam Handy ya yi wa Chevrolet irinsa, Ross Roy ya yi wa Chrysler. Tare da zaren hotuna yake zuwa, shi ya sa in ka saurara za ka ji wani ɗan ƙara kamar kukan tsuntsu bayan kowace ƴar magana. Ba lalacewa ba ce. Alama ce ga mai injin nuna hoto ya matsa zuwa hoto na gaba.

Wani da ke rikita mutane shi ne na Highway Hi-Fi, garmahon da Chrysler ta fara sa wa motocinta a 1956. Girmansa ɗaya da mai juyi 45, amma juyinsa 16 da biyu bisa uku ne, layinsa kuma ya fi na sauran ƙanƙanta. Ka ɗora shi a 33 sai muryar ta koma ta ƴan yara, allurar yau da kullum kuma ta yi wa layin girma. A ajiye shi kawai, kada a matsa masa.

Darajar irin wannan kaya a takarda take, fiye da a sauti. Faifai tsirara, babu bango, ya rasa fiye da rabin abin da ya sa ake sonsa. Duba tambarin tsakiya: na Faransa za ka ga "offert par" ko "hors commerce" ko "vente interdite", na Amurka "not for sale", duk ma'anarsu kyauta ne ko ba na sayarwa ba ne. Hatimin dillali, mai suna da adireshi, shi ne ya bambanta kwafinka da sauran, don haka kada a goge shi wai don a tsabtace bango. Hatimin ma yana taimakawa wajen sanin shekaru. Lambar gidan waya mai alƙaluma biyar ta shigo Amurka a 1963, Faransa a 1972. In tana cikin adireshin, to ba a buga hatimin kafin nan ba. Motar da ke hoto ita ma shaida ce: Peugeot 404 ta fito a 1960, 504 a 1968, Renault 4 a 1961. Daga nan sai ka karkata faifan ga haske ka karanta lambar da aka zana a filin da ke tsakanin ƙarshen layi da tambari, ka nemi ta a Discogs, shafin intanet da ke tattara bayanan faya-fayai.

Ba duk mai sunan kamfani ne tsada ba. Faya-fayan Kirsimeti da Goodyear da Firestone suka riƙa sayarwa a shagunan taya a shekarun 1960 an buga su da yawan gaske. In mai kaya ya kafe wai tsohon abu ne daga Amurka, ka yi masa sallama cikin mutunci.

Kafin a biya, a ɗora faifan kan gilashi ko tebur mai daidai, a duba ko gefe ya ɗaga. A bi ƙarjin da ke jiki da farce a hankali: wanda ido ya gani farce bai ji ba, yawanci allura za ta wuce, wanda farce ya kama, za a ji shi a kowane juyi. Layin da ya yi fari-fari kamar an yayyafa toka kuwa allura ce ta cinye shi, babu wankin da zai dawo da shi.

Wanki bai da wuya. Rabin lita na tataccen ruwa, irin wanda ake ƙara wa batirin mota (a tabbata ba mai asid ba ne, don kwalaben kan yi kama), da ɗigo biyu na sabulun wanke kwanoni. A jiƙa ƙyalle mai laushi, a bi layi a kewaye, ba a ratsa shi ba, a kiyaye tambarin tsakiya, a ɗauraye da wani tataccen ruwan, a jingine a inuwa ya bushe. Ruwan famfo kan bar gishirinsa cikin layi, sai ƙarar tas-tas ta ƙaru. Kada a taɓa goge busasshen faifai da ƙurar hunturu a kansa. Ƙurar nan yashi ce, daidai take da sanfefa. In kuma tsohon mai juyi 78 ne, alkol narkar da shi yake.

Wajen saurare nan ne ake yin ɓarna mai yawa. Nauyin allura na giram 2 ya ishi yawancin kawunan garmaho na zamani. Ƙananan garmaho masu arha kan danna da giram 5 ko fiye. Na leda kuma ba ya tsayawa shi kaɗai: a shimfiɗa shi kan wani faifai mai kauri, a ɗora tsabar dala biyar kusa da tsakiya don kada ya zame. A ɗauki sautin a kwamfuta tun karon farko, don ba a yi faifan leda domin ya daɗe ba. Garmahon da ya zo daga Amurka na neman wuta 120 mai bugun 60, namu kuwa 220 ne mai bugun 50. Taransifoma za ta gyara ƙarfin wutar amma ba bugun ba, don haka tsohon inji zai yi ƙasa da saurinsa da kashi ɗaya cikin shida, muryar mai talla ta yi nauyi kamar ta wanda bai gama farkawa ba.

Sai ajiya, wadda ita ce matsalarmu a nan. A watan Afrilu da Mayu, lokacin da Yamai da Tawa ke wuce maki 40 a inuwa, faifan da aka bari cikin rufaffiyar mota ko a saman kabad ƙarƙashin rufin kwano zai lanƙwashe kamar kwanon tuya. A jera su a tsaye, kafaɗa da kafaɗa, ba a jibge ba kuma ba a karkace ba, a ɗakin da ya fi sanyi, a ƙasa-ƙasa amma ba a kan daɓe ba, kuma nesa da bangon ƙasa saboda gara, wadda ba ta cin faifan sai bangonsa na takarda, wato inda hatimin yake. Kowane faifai da rigarsa ta ciki ta takarda ko leda mai laushi. A guji leda mai kauri mai warin sabuwar roba: da zafi ya taɓa ta sai ta bar wa faifan hazo da ba ya wankuwa. Da damina ta kama, a riƙa fito da bangon ana dubawa duk sati biyu, ko raɓa ta fara sa masa ɗigon fumfuna.