Ɓawon da ke hana ruwan ƙarfe ɗaukar wuta

Gaurayen ƙarafa biyu, galiyom kashi 75.5 cikin ɗari da indiyom kashi 24.5, wanda ake kira EGaIn, yana narkewa ne a wajen digiri 15.5 na ma'aunin Celsius, don haka a ɗaki ruwa yake. Wayar da aka yi da shi cikin robar silikon tana miƙewa ba ta tsinke ba. Jan ƙarfe ya fi shi ɗaukar wuta kusan sau 17, amma jan ƙarfe ba ya miƙewa.

Don a samu tawadar buga layukan wutar lantarki, ana zuba ƙarfen cikin etanol (wani nau'in sinadarin alkohol), misali giram 1 a mililita 10, a farfasa shi ya zama ƙananan ƙwayoyi da injin girgiza mai aiki da sauti, kwalbar na zaune cikin ruwan ƙanƙara don kada etanol ɗin ya yi zafi ya tsere. A nan matsalar take. Da zarar galiyom ya haɗu da iskar oksijin, kowace ƙwaya sai ta yi ɓawon tsatsa mai kaurin nanomita 1 zuwa 3 (nanomita miliyan ɗaya ke yin milimita ɗaya). Shi ke hana ƙwayoyin sake haɗewa, shi ne kuma ke tare wuta. Ka buga layi, ya bushe, ka ɗora mitar awon wuta: shiru.

Sai an fasa ɓawon. A 2015 masu bincike a Jami'ar Purdue ta Amurka suka nuna cewa dannawa kaɗai ta isa: a bi layin da tsinke mai santsin baki, ruwan ƙarfen ya tsiyayo ya haɗe. Hasken leza ma yana yi.

A ganina girman ƙwaya ne ke yanke hukunci, kuma nan aka fi yin kuskure. In an daɗe ana girgizawa, ƙwayoyin kan yi ƙanƙanta, tawadar ta yi kyau a bakin injin bugawa, amma ƙaramar ƙwaya taurin kai gare ta. Ƙarfin da za ka sa kafin ta fashe yana iya yaga robar da ke ƙasa. In kuma sun yi girma, ɗan matsi da yatsa ya isa ya fasa waɗanda ke tsakanin layi biyu, wuta ta haɗe inda ba a so. Shi ya sa ake share ragowar ƙwayoyin kafin a rufe da wani shafin silikon.

Ruwan asid na haidrokulorik yana cinye ɓawon, sai dai in ya yi yawa ƙarfen kan dunƙule ya bar layin. Kuma kada a haɗa ruwan ƙarfen da alminiyom ko kaɗan: galiyom na ratsa shi har ya riƙa ɓarɓashewa.