Abin da rigingimun katalis suka koya mini a ɗakin gwaji

Duk mai aikin haɗa katalis, wato sinadarin da ke gaggauta haɗuwar wasu sinadarai ba tare da shi ya ƙare ba, ya san jerin kayan haɗi kaɗai ba ya kai mutum ko'ina. Mutum biyu za su ɗauki kuromiyam da silika iri ɗaya, wannan ya samu katalis mai aiki, wancan ya tashi da gari kawai. Bambancin yana wurin zafin gashi, da tsawon lokacinsa, da bushewar iskar da aka hura, da abin da aka fara zubawa. A nan lauyoyi ke tarewa idan rigimar mallakar ƙirƙira ta taso.

Shari'ar robar folifurofilin ce ta fi buɗe mini ido. Paul Hogan da Robert Banks na kamfanin Phillips Petroleum a Amurka sun samo ta a 1951 da katalis na kuromiyam, suka shigar da takardar neman mallaka a 1953. A 1954 Giulio Natta ya yi tasa a Milan da katalis irin na Karl Ziegler, mai taitaniyam da alminiyam, har Natta da Ziegler suka raba kyautar Nobel a 1963. Da farko hukumar mallakar ƙirƙira ta Amurka ta ba Montecatini, kamfanin da ke bayan Natta, mallakar robar. A 1980 kotu ta juya hukuncin, Phillips ya karɓi takardarsa a 1983. Shekara talatin ke nan ana tankiya a kan ko abin da aka bayyana a takardar 1953 shi ne ainihin robar.

Shi ya sa ba na yarda a rubuta "an gasa har ya yi" a littafin gwaji. Digiri nawa? Awa nawa? Wace kwalba aka buɗe? Ɗalibai kan ce takura ce, to, a sha haƙuri.

Wurin da har yanzu nake kai-komo da lauyoyi shi ne faɗin da'awa, wato iyakar abin da takardar mallaka ta ce naka ne. In ka ƙuntata iyakar zafin, abokin hamayya ya ɗan gusa waje ya ci gaba da harkarsa. In ka faɗaɗa fiye da abin da ka gwada, a soke. Tun 2013 Amurka ta koma tsarin ba da mallaka ga mai ƙirƙirar da ya riga shigar da takarda, don haka yanzu gwajin iyakokin nan nake fara yi kafin kowa ya taɓa takarda.