Yini guda a Talawona, wurin dorinar Wechiau

Asabar, tsakiyar hunturu.

Sanyi ne ya tashe ni tun kafin asuba. A saman soro na kwana cikin gidan sauro, domin masaukin nan na Talawona ginin ƙasa ne mai shimfiɗaɗɗen rufi, irin na mutanen Lobi, kuma baƙon da ya so sai a hau masa da katifarsa sama. Babu janareta, babu na'urar sanyaya ɗaki. Ruwan alwala daga rijiyar burtsatse aka ɗebo, na wanka kuma a bokiti. Da rana katangar ƙasa tana tare zafi, da dare ta riƙe ɗumi, abin da kakanninmu suka sani tun kafin siminti da kwano su rufe mana ido.

Bayan na sha shayi, ɗan rakiya ya zo muka gangara bakin kogi. Wannan shi ne Baƙin Bolta, wanda ya raba Gana da Burkina Faso a wannan yanki; tsallaken da nake hange ma wata ƙasa ce. Kilomita 40 na gaɓar kogin aka keɓe wa dorina, kuma ba gwamnati ce ta keɓe ba. Sarkin Wechiau da sarakunan da ke tare da shi ne suka yi shawarar a ƙarshen shekarun 1990, ƙauyuka 17 suka shiga ciki. A duk faɗin Gana wuri biyu kaɗai dorina ta rage: nan, sai Bui da ke can ƙasa a kan kogin, inda aka gina madatsar ruwa.

Muka shiga kwalekwale, matuƙi na tura filafili a hankali, aka ce kowa ya rage murya. Mun yi tafiya mai ɗan nisa ba mu ga komai ba sai tsuntsaye, waɗanda ire-irensu a nan sun haura 200. Can sai matuƙin ya tsaya ya nuna da baki. Kunnuwa ne da idanu da hanci a saman ruwa, sauran jikin duk yana ƙasa. Ɗaya ta fesar da numfashi ta nutse, muka yi ta jira, ta daɗe kafin ta sake ɓullowa a wani gefen. Dorina kan yi minti biyar a ƙarƙashin ruwa ba ta damu ba. Na so a matsa kusa saboda hoto, matuƙin ya girgiza kai kawai. Gaskiyarsa. Dabbar da ta fi tan ɗaya nauyi, kwalekwalen katako ba komai ba ne a wurinta.

A nan na gane dalilin da ya sa ba a noma daf da gaɓa. Dorina a ruwa take yini, da dare take fitowa kiwo, kuma takan ci ciyawa kusan kilo 40 kafin gari ya waye. In ta tarar da gona a hanyarta, gonar za ta ci, manomi kuma ya ɗauko bindiga. Sai aka bar mata zirin bakin kogi, aka hana farauta, gonaki suka ja baya.

Da muka fito na ji wani dattijo yana faɗa da jikansa da Hausa, yana gyaran taru a gindin bishiya. Ashe cikin al'ummomin yankin, bayan Wala da Dagaba da Birifor, akwai Hausawa masunta da suka daɗe a nan. Na durƙusa na ce, "Sannu da aiki, Baba." Ya ce, "Yauwa ɗana, daga ina?" Hira ta ɓarke. Na tambaye shi ko yana jin daɗin wannan tsari. Bai yi saurin yabo ba. Ya ce dorina na yaga taru, kuma ba ta biyan diyya. Amma ya ce jikokinsa ruwan burtsatse suke sha, ba na kogi ba, kuma suna zuwa makaranta. Daga nan ya koma kan ɗinkinsa.

Maganarsa ta fi mini duk wani allon talla. Na sha ganin otal da ya rataya 'yar takarda a banɗaki yana roƙon baƙo ya rage wanke tawul don ceton duniya, alhali janaretansa na ruri dare da rana, kuɗin kuma ba ya kwana a garin. A nan kuɗin kwana da na kwalekwale hukumar da al'umma suka kafa ne ke karɓa, ɗan rakiya da matuƙi 'yan ƙauyen ne. Gidan namun daji na Calgary da ke Kanada ya daɗe yana tallafa musu, kuma a 2008 wurin ya sami lambar yabo ta Equator ta Majalisar Ɗinkin Duniya. Duk da haka wanda aka ce ya ja da gonarsa baya shi ya fi kowa biya, ba ni da na zo kallo ba.

Da rana na ci tuwo da miyar kuka, na yi barci har la'asar.

Da yamma muka leƙa wurin matan da ke harkar kaɗanya. Baƙi ba kullum suke zuwa ba, da damina ma hanya kan lalace, ruwa ya cika har dorinar ta yi wuyar gani. Kaɗanya ce ke cike giɓin: tunda ba a fesa magani a dajin, ana sayen tasu da daraja a kai ta ƙasashen waje. Na sayi man kaɗanya ƙwarya guda na tsaraba, wata gwaggo ta ƙara mini gyara bayan ta gama yi mini dariyar yadda nake taya ciniki.

Wayata ta kusa mutuwa, hasken fitilar sola nake rubutu da shi. Na yi magana da mai babur ya zo da sassafe ya kai ni Wechiau, don in samu motar farko zuwa garin Wa.