Asabar a Gwynedd: makiyayin Trawsfynydd da ɗan siyasar Caernarfon

Yau maƙwabcina ya cika alkawarin da ya yi mini na zagayawa da ni garuruwan gundumar Gwynedd da ke arewa maso yammacin Wales, domin in ga gine-ginen tunawa da mutum-mutumin da ke tsaye a dandalinsu. Dattijo ne ɗan ƙasa, harshen Welsh ya tashi da shi, kuma tun da ya lura nakan tsaya karanta sunayen da ke jikin duwatsun tunawa, ya ce ba zan fahimci yankin ba sai na ga yadda kowane gari ya zaɓi ya tuna da mamatansa. Mun bar Bangor da hantsi ana yayyafi.

A Harlech muka fara tsayawa, gefen ganuwar dutsen da Sarki Edward na Ɗaya ya soma ginawa a 1283. Kusa da ita akwai aikin tagulla na Ivor Roberts-Jones na shekarar 1984, wanda ake kira Sarakuna Biyu. Wani ƙaton mutum ne bisa doki, kansa a sunkuye, ɗauke da gawar yaro. Daga tsohuwar tatsuniyar Wales aka ɗauko shi: Sarki Bendigeidfran ne da Gwern, ɗan ƙanwarsa, wanda ya halaka a rikicin da ya tashi tsakaninsu da mutanen Ayaland, rikicin da mutum bakwai kaɗai suka dawo daga cikinsa. Ba a yi shi don wani yaƙi na tarihi ba, amma ban ga abin da ya fi shi nuna asarar yaƙi ba, domin ko dokin kansa a gajiye yake, kuma jikin tagullar gurje yake kamar wanda wuta ta lasa.

Daga nan muka hau tudu zuwa Trawsfynydd, kuma a can ne mafi yawan yinin ya tafi. A tsakiyar ƙauyen, bakin titi, akwai mutum-mutumin Ellis Humphrey Evans, sha'irin da aka fi sani da Hedd Wyn. An haife shi a 1887, shi ne babba a cikin 'ya'ya goma sha ɗaya, kuma kiwon tumaki yake yi a gonar mahaifinsa, Yr Ysgwrn. Da dokar tilasta shiga soja ta 1916, lokacin Yaƙin Duniya na Ɗaya, ta iso gidansu, aka ce sai ɗa guda ya tafi, sai ya tafi domin ƙanensa ya zauna. An kashe shi ranar 31 ga Yuli 1917 a Pilckem Ridge da ke Beljiyam, a ranar farko ta gumurzun Passchendaele, yana da shekara talatin. Kafin nan ya riga ya aika da waƙensa gasar Eisteddfod ta ƙasa, babban taron adabin Welsh, wanda aka yi a Birkenhead a watan Satumba na wannan shekara. Waƙen nasa ne ya yi nasara. Aka kira lakabin da ya sa hannu da shi sau uku, ba wanda ya miƙe, sannan aka sanar da jama'a cewa mai shi ya rasu makonni shida da suka wuce, aka lulluɓe kujerar girmamawar da ake bai wa wanda ya yi nasara da baƙin ƙyalle.

Abin da ya tsayar da ni gaban wannan mutum-mutumi, wanda L. S. Merrifield ya ƙera kuma mahaifiyar mamacin ta yaye wa mayafi a 1923, shi ne babu kakin soja a jikinsa ko kaɗan. Ba bindiga, ba hular kwano. Tufafin aikin gona ne, sandar kiwo a hannu guda, ɗaya hannun kuma ya ɗaga zuwa kansa, kamar mai hangen garke a kan tudu. Mutanen da suka tara kuɗin nan, shekara shida kacal bayan rasuwarsa, a lokacin da garuruwa da dama ke kafa soja riƙe da bindiga a dandalinsu, sun ƙi su bar wa rundunar yaƙi ɗansu. Watanni kaɗan ya yi a soja, alhali rayuwarsa duka a bayan tumaki da alƙalami ya yi ta, sai suka dawo da shi yadda suka san shi. Na taso a cikin al'ummar da ba ta sassaƙa surar mutum, kuma har yanzu addu'a ce a wurina abin da ya fi cancanta ga mamaci, amma na gane manufar waɗannan mutane sarai, kuma na girmama ta.

Muka ƙarasa gonar, wadda hukumar kula da gandun dajin ƙasa na Eryri ta saya a 2012 ta kuma sake buɗe wa baƙi a 2017 bayan gyara. Baƙar Kujerar tana nan a ɗan ƙaramin ɗaki. Na sunkuya na duba sassaƙar da ke bayanta da hannayenta, ƙulle-ƙulle masu shiga juna, ba inda aka bari fili. Wanda ya sassaƙa ta, Eugeen Vanfleteren, ɗan gudun hijira ne daga Beljiyam, wato yaƙin ya koro shi daga ƙasar da Hedd Wyn ya je ya mutu a cikinta. Maƙwabcina ya daɗe tsaye bai ce komai ba, daga baya ya gaya mini cewa tun suna firamare ake kawo su nan.

Blaenau Ffestiniog wucewa kawai muka yi bayan na yi sallar azahar. A tsakiyar garin akwai dogayen ginshiƙai na Howard Bowcott, waɗanda aka jera da dubban fallayen baƙin dutsen da ake rufin gida da shi, aka ba su siffar cizal ɗin masu fasa dutse. Sun dace da garin da tsibin ɓaraguzan haƙa ke kewaye da shi, yankin da UNESCO ta sa cikin wuraren tarihi na duniya a 2021.

Da la'asar muka isa babban dandalin Caernarfon. Can ga David Lloyd George na tagulla, aikin William Goscombe John, wanda aka kafa a 1921 yana kan kujerar Firayim Minista. Ya ɗaga dunƙulallen hannu sama, yana tsakiyar jawabi. Ya wakilci mazaɓar Caernarfon a majalisar Birtaniya daga 1890 zuwa 1945, ya riƙe ma'aikatar makamai a 1915, ya zama shugaban gwamnati a Disamba 1916, kuma yana wurin taron Birkenhead ranar da aka lulluɓe kujerar. A cikin dandalin guda kuma ga ginshiƙin tunawa da 'yan garin da suka mutu, dodon nan mai fukafukai na tutar Wales a samansa, furannin roba ja da ruwan sama ya koɗar a gindinsa. Ba na raina abin da Lloyd George ya yi wa talakawa, musamman fanshon tsofaffi da inshorar lafiya ta 1911, amma bayan abin da na gani a Trawsfynydd, hannun nan da ke sama ya yi mini nauyi, domin wanda ya yi kiran an ba shi fuska da murya tun yana da rai, waɗanda suka amsa kuma jerin sunaye suka samu. Tunanina ya je ga sojojin Hausawa na rundunar Afirka ta Yamma da wannan yaƙi ya kai Kamaru da Gabashin Afirka, waɗanda da yawansu ko jerin ba su samu a garuruwansu ba.

Magariba ta kawo jiki muka dawo Bangor, muka tsaya a ƙofar tunawa da ke kan titin Deiniol, wadda aka buɗe a 1923. A ɗakin da ke samanta, wanda na taɓa shiga wata rana da aka buɗe shi ga jama'a, an sassaƙa sunayen mutum kimanin 8,500 na arewacin Wales a jikin allunan katako, kuma an jera su ne bisa garuruwa da ƙauyukan da suka fito, ta yadda mai neman kakansa zai same shi tsakanin maƙwabtansa. Kuɗin da aka tara bai tsaya kan ƙofar ba, da shi aka gina wa jami'ar sassan kimiyya da ke kusa da ita. Maƙwabcina ya ce in shirya, wata Asabar za mu gangara kudu zuwa Bala da Frongoch, inda aka tsare fursunonin Ayaland kusan 1,800 bayan boren neman 'yancin kai da aka yi a ƙasarsu a 1916.