Tarihin Rayuwar Nehemiya, Kashi na Biyar: Gwamnan da Ya Ƙi Cin Rabon Gwamna

Makon jiya mun bar Nehemiya a bakin aiki. Garun Urushalima ya kai rabin tsayinsa, kowane magini da takobi ɗaure a ƙugu, mai busa ƙaho yana tsaye kusa da Nehemiya, Sanballat da Tobiya kuwa, maƙiyan aikin, suna ta ƙulle-ƙulle. Ana cikin haka sai kuka ya tashi daga cikin gida. Wannan kukan ne ya cika sura ta 5 ta littafinsa, surar da masu wa'azi kan tsallake in suna sauri su kai ga kwana 52 da aka gama garun.

Masu kukan talakawa ne, maza da matansu, kuma kashi uku suke. Akwai masu iyali da yawa da ba su da hatsin ci. Akwai waɗanda yunwa ta sa suka jinginar da gonaki da gonakin inabi da gidaje. Na uku sun ci bashi don su biya harajin sarkin Farisa. Abin ya kai har wasu 'yan mata sun riga sun zama bayi, iyayen ba su da hanyar fansarsu tunda gonar da za ta kawo kuɗin tana hannun wani. Masu riƙe da gonakin kuma 'yan'uwansu ne Yahudawa, manyan gari da shugabanni, alhali Fitowa 22:25 da Littafin Firistoci 25:36 sun hana karɓar ruwa a kan bashin matalaucin ɗan'uwa.

Nehemiya bai ɓoye ba, ya ce ransa ya ɓaci ƙwarai. Amma bai buɗe baki da zafin ba. Aya ta 7 ta nuna ya fara yin shawara da zuciyarsa, sa'an nan ya fuskanci manyan ido da ido, daga baya ya kira babban taro. A taron ya tuna musu cewa ana ta haɗa kuɗi ana fanso Yahudawan da aka sayar wa al'ummai, su kuwa suna sayar da wasu, a sake zuwa a fanso. Aka yi tsit, ba wanda ya sami ta cewa.

A aya ta 10 ne tawali'un mutumin ya fito fili. Ya ce shi ma, da 'yan'uwansa da barorinsa, suna ba mutane rancen kuɗi da hatsi. Ba wanda ya tuhume shi. Gwamna ne, da ya yi shiru da maganar ta wuce. Ya sa kansa cikin lissafi kafin ya ce "mu daina". Shugaban da ya tsaya a bagade yana cewa "ku tuba" da wanda ya ce "mu tuba, ga nawa rabon", jama'a suna jin bambancinsu ko ba su faɗa ba.

Kuma bai bar zancen a kan "Allah ya kyauta" ba. Ya faɗi abin da za a mayar: gonaki, gonakin inabi, na zaitun, gidaje, da kashi ɗaya cikin ɗari da ake karɓa a kan kuɗi da hatsi da ruwan inabi da mai. Masu sharhi da yawa suna ɗaukar wannan kashin na kowane wata ne, ke nan kashi 12 a shekara. Ya faɗi rana: yau. Da manyan suka amsa, bai tsaya ga amsar baki ba, ya kira firistoci aka rantsar da su. Ya kakkaɓe rigarsa a gaban kowa, alamar yadda Allah zai kakkaɓe wanda ya saɓa alkawari. A nan yawancin sulhun kwamitin dattawa yake lalacewa. Ana yin addu'a, ana gaisawa, ba a rubuta nawa za a biya ba, ba a sa rana ba, ba shaidu. Bayan wata uku gwauruwar tana nan ba gona, mai riƙe da gonar kuma yana nan a kujerarsa ta gaba.

Daga aya ta 14 ya buɗe littafin kuɗinsa. Ya yi gwamnan Yahuda shekara 12, daga shekara ta 20 zuwa ta 32 ta mulkin Artashate sarkin Farisa, wato wajen 445 zuwa 433 kafin haihuwar Almasihu. Gwamnonin da suka riga shi suna karɓar abinci da ruwan inabi daga talakawa, da shekel 40 na azurfa, wanda ya kusa rabin kilo. Har barorinsu ma suna taka mutane. Wannan maganar ta barori abin lura ce, domin sau da yawa zaluncin babba ta hannun yaransa yake isa ga talaka: mai tsaron ƙofa, mai riƙe jaka, ɗan'uwan matar oga. Nehemiya ya sa nasa barorin a bakin garu suna ɗaukar duwatsu. Kuma ba su sayi gona ba, a lokacin da yunwa ta karya farashin ƙasa, lokacin da duk mai kuɗi a hannu zai kwashi garaɓasa.

Teburinsa bai ƙanƙance ba don ya ƙi rabon gwamna. Mutum 150 suke ci a wurinsa, ban da baƙi daga ƙasashen kewaye. Kowace rana ana yanka sa ɗaya da tumaki shida zaɓaɓɓu da kaji, kowane kwana goma a kawo ruwan inabi iri-iri. In aka lissafa a kan shekara 12, shanu sun haura 4,000, tumaki sun haura 26,000. Duk da haka bai ɗora wa jama'a ba. Dalilansa biyu ne ya bayar: tsoron Allah, da kuma nauyin da ya riga ya yi wa mutane yawa.

Sai dai a yi hattara da wannan nassi. Ikkilisiyar da ta ɗauko shi don ta hana fasto albashinsa ta karkatar da shi. Rabon gwamna halal ɗinsa ne, shi ya ga dama ya bari, kuma mutumin da ya fito daga Shushan, fadar sarkin Farisa, yana mai shayar da sarki yana da abin da zai ciyar da mutum 150. Faston ƙauye da ke noma kadada ɗaya ba shi da wannan. Bulus ya faɗa a 1 Timoti 5:18 cewa ma'aikaci ya cancanci ladansa. Nassin yana magana ne da mai hali: shugaban da ake shirya masa liyafa da goron tafiya a gundumar da ba a biya masu bishara ba wata da watanni, ko kwamitin gini da ya yanka wa kowane gida kuɗi daidai wa daida, ɗan kasuwa da marainiya, a tsakiyar damina kafin sabon hatsi ya shigo.

Surar ta ƙare da gajeruwar addu'a, yana roƙon Allah ya tuna da shi da alheri saboda abin da ya yi wa mutanen nan. Wasu suna jin ƙanshin yabon kai a ciki. Ni dai abin da na gani shi ne wurin da ya kai takardar ladansa: bai kai wa talakawan Yahuda ba.

Mako mai zuwa za mu shiga sura ta 6, inda Sanballat da abokin ƙullinsa Geshem suka aiko wa Nehemiya har sau huɗu ya sauko su gana a filin Ono, a karo na biyar kuma manzo ya zo da buɗaɗɗiyar wasiƙa mai zarginsa da shirin naɗa kansa sarki.