Talata: haƙorin Autana

Sai yanzu gida ya yi shiru na samu zama. Yau a asibitin haƙori muka wuni da Auta. Tun kwanakin baya dasashinsa ke jini in ina goge masa baki, ga wari, jiya kuma na taɓa haƙorinsa na gaba na ƙasa na ji yana girgiɗi. Inna ta ce, "Ke dai kin cika tsoro, famfara ce." Yaron da shekararsa 4 kawai? Raina bai kwanta ba.

Likita ta ɗauki hoton bakin ta haska min. Na ga saiwar haƙorin cikakkiya, doguwa, amma ƙashin da ya kamata ya rungume ta ya janye ƙasa, ya bar ta a sake. Ta ce famfara wajen shekara 6 take farawa, kuma a nan saiwar ce ke narkewa da kanta don babban haƙori ya samu hanya. Wannan ba ita ba ce. Ta tambaya ko ya taɓa faɗuwa a kan baki, na ce a'a. Sai ta rubuta gwajin jini, domin zaizayewar ƙashi a ƙaramin yaro kan zo ne da wani dalili a jiki, kamar ciwon suga ko raunin fararen ƙwayoyin jini, ba datti kaɗai ba.

Abin da ke cin raina tun a keke shi ne cutar noma, wato ciwon nan mai cin naman baki da fuska. Na tambaye ta kai tsaye. Ta ce ba ita ba ce, Alhamdulillahi, amma daga kumburin dasashi take farawa, a yara 'yan shekara 2 zuwa 6, musamman masu tamowa ko waɗanda suka tashi daga ƙyanda. Duk wanda ya san asibitin yara masu cutar noma na Sakkwato ya san dalilin tsorona. Ni dai ina ganin kalmar nan ta "ai haƙoran nono ne, za su zube" tana cutar da yaranmu, alhali manyan haƙoran suna kwance a cikin ƙashin nan.

An wanke masa bakin, ya yi kuka sosai. Likita ta ce ni zan riƙa goge masa safe da dare, da buroshi mai laushi da man goge baki mai sinadarin fuloraid ɗan kaɗan, kuma ban da alewa ko shayi mai suga lokacin kwanciya.

Da na nuna wa Inna hoton, ta daɗe tana kallo, sannan ta ce ita za ta raka mu karɓar sakamakon ranar Alhamis. Allah Ya sa mu ji alheri.